Daga Goɗiyar Paris Zuwa 'Yan Tseren Keke: Tarihin Ciwon Ƙafar Da Ke Ɓuya Idan An Huta

Yau tarihin likitanci za mu leƙa, mu bi sawun wani ciwon ƙafa da ya daɗe yana wahalar da manyan 'yan tseren keke na duniya, alhali likitoci suna ta sallamarsu da cewa lafiyarsu ƙalau.

Ga yadda abin yake faruwa. Saurayi ne ɗan shekara 25, ba ya shan taba, ba shi da ciwon suga, zuciyarsa kuwa da wuya a samu mai ƙarfinta a duk garinsu. In yana tuƙa keke a hankali ba ya jin komai. Da zarar an zo hawan dutse, ko ƙarshen tsere inda kowa ke zuba iya ƙarfinsa, sai ƙafa ɗaya ta ƙi. Cinya ta ɗaure, ta yi nauyi, ta kama zugi, wani lokaci abin ya kai har ɗuwawu da sha-raɓa, ya ji kamar ƙafar ba tasa ba ce. Yana sassautawa, cikin 'yan mintuna komai ya wuce. In ya je asibiti, likita ya kwantar da shi, ya taɓa bugun jini a ƙafar ya ji daidai, sai ya ce ciwon baya ne, ko gajiyar tsoka, ko kuma fargabar tsere ce kawai. Da yawa daga cikinsu kan yi shekara biyu ko fiye suna yawo tsakanin mai tausa da likitan ƙashi kafin a gano gaskiya.

Abin da muka lura da shi a wannan tarihi shi ne, duk lokacin da aka samu ci gaba, wani ne ya yarda ya duba mara lafiya a daidai lokacin da ciwon ke cinsa, wato yana cikin motsi. Kuma wanda ya fara yin haka likitan dabbobi ne.

GOƊIYAR 1831

A shekarar 1831 wani likitan dabbobi a Paris, Jean-François Bouley, ya ba da rahoton wata goɗiya da ke jan keken doki a titunan birnin. In tana tsaye ba a ganin aibinta. In aka sa ta sassarfa na ɗan lokaci, sai ƙafafunta na baya su saki, ta fara ɗingishi har ta kasa tafiya. In ta huta sai ta miƙe kamar ba ita ba. Da ta mutu ya feɗe ta, ya tarar da daskararren jini ya toshe manyan jijiyoyin da ke kai jini cinyoyinta.

Bayanin wannan al'amari mai sauƙi ne, kuma har yau shi likitoci ke koyarwa. Idan babbar hanyar jini ta tsuke, akwai ƙananan hanyoyi na gefe da ke ɗan ratsa jini zuwa ƙafa. Wannan ɗan jinin ya ishi tsokar da ke hutawa. Tsokar da ke aiki kuwa tana buƙatar ninkinsa sau da yawa, kuma in ba ta samu ba sai ta ɗaure ta kama ciwo.

A 1858 Jean-Martin Charcot, wanda daga baya ya shahara a fannin cututtukan ƙwaƙwalwa da laka, ya ga irin wannan alama a jikin mutum. Wani tsohon soja ne da harsashi ya taɓa yi wa rauni shekaru da dama kafin nan. Yakan yi tafiya kaɗan ƙafa ta riƙe, ya tsaya ta sake shi. Bayan rasuwarsa aka tarar jijiyar jini ta cikin ƙugunsa ta lalace ta toshe. Charcot bai ɓoye ba cewa a wurin likitocin dabbobi ya samo haske, kuma sunan da suka sa wa ciwon dawaki shi ya ɗora wa na mutane, sunan da za mu iya fassarawa da ɗingishi mai zuwa ya tafi.

YADDA YA ZAMA CIWON TSOFAFFI

Daga nan sai likitoci suka riƙa ganinsa a ko'ina. Wilhelm Erb na Jamus ya yi dogon rubutu a kansa a 1898, ya kuma lura cewa masu shan taba sun yi yawa a cikin masu fama da shi. A hankali aka fahimci cewa mafi yawan masu wannan ɗingishi dattawa ne waɗanda kitse da alli suka taru a bangon jijiyoyinsu, musamman masu shan taba da masu ciwon suga da masu hawan jini.

A kan waɗannan dattawa aka ƙera kayan aikin da ake amfani da su har yau. A 1946 João Cid dos Santos ya tsaga jijiyar cinyar wani mara lafiya a Lisbon, babban birnin Fotugal, ya kankare abin da ya toshe ta. A 1948 Jean Kunlin a Paris ya ciro wata doguwar jijiya daga ƙafar mara lafiya, daga cikin waɗanda ke mayar da jini zuwa zuciya, ya yi wa wurin da ya toshe hanyar kewaye da ita. A 1950 Travis Winsor a Amurka ya kawo dabarar kwatanta ƙarfin jini na idon sawu da na damtse. Da na'urar Dopla ta samu, wadda ke sauraron gudun jini ta hanyar sauti, aikin da Shigeo Satomura ya fara a Osaka ta ƙasar Jafan a shekarun 1950, sai wannan awo ya zama mai sauƙi. Ana raba lambar ƙafa da lambar hannu. Mai lafiya yakan ba da 1 ko sama da haka kaɗan. In lissafin ya faɗi ƙasa da 0.9, to akwai tsukewa a hanya.

Wannan ilimi ya ceci ƙafafu masu yawa, amma ya zo da wani makafin wuri. Likita ya saba cewa tsukewar jijiya ciwon dattijo mai shan taba ne, kuma ana gane shi mutum yana kwance a gado. Don haka idan ƙaƙƙarfan saurayi ya shigo yana kukan ƙafa, jijiyar jini ita ce abu na ƙarshe da zai zo wa likita a rai. Ko da ya auna ma, awon zai fito daidai, domin a kwance aka yi shi.

LAUSANNE DA ANGERS

A 1985 wasu likitocin fiɗa a Lausanne ta ƙasar Suwizalan, cikinsu har da Walder da Mosimann, suka wallafa labarin 'yan tseren keke biyu da aka samu jijiyar ƙugunsu ta tsuke. A 1986 Jean-Michel Chevalier da abokan aikinsa a Angers ta Faransa suka kawo ƙarin misalai, suka ce wannan wani ciwo ne daban da ba a san shi ba. Sunansa a bakin likitoci endofaiburosis, mu kuwa a nan za mu kira shi kaurin cikin jijiya.

Bari mu ɗan kwatanta wurin. Babbar jijiyar da ta fito daga zuciya tana saukowa ta bayan ciki, a daidai cibiya ta rabu biyu, dama da hagu. Kowace ta sake rabuwa a cikin ƙugu, reshe ɗaya ya nufi cikin mara, ɗayan ya gangara ta matsematsi ya shiga cinya. Wannan reshe na biyu, wanda likitoci ke kira iliyak ta waje, shi ke ɗauke da kusan duk jinin ƙafa, kuma a kansa ciwon ya fi sauka, kusan tara cikin goma. Ya fi kama ƙafar hagu.

Da aka duba abin da aka ciro daga jijiyoyin nan a madubin likita, ba a ga kitse ko alli irin na tsofaffi ba. Fatar cikin jijiyar ce ta yi kauri, wani nama mai laushi kamar tabo ya toho a kanta tsawon 'yan santimitoci. Kaurin ba ya da yawa, shi ya sa a hutu ba ya hana komai. Matsalar ita ce jijiyar mai lafiya takan buɗe idan aiki ya yi tsanani, wannan kuwa ta kasa buɗewa.

Me ya jawo shi? Mu yi ɗan lissafi. Ƙwararren ɗan tsere yakan juya feda kamar sau 90 a minti. A awa ɗaya sau 5,400 ke nan, a atisayen awa 5 kuma sau 27,000. A shekara abin ya kai miliyoyi. Duk juyi ɗaya cinya na tasowa ta nufi ciki, shi kuma yana duƙe a kan keke don kada iska ta tare shi, don haka jijiyar tana lanƙwashewa tana miƙewa. A lokacin kuma jini na bi ta cikinta da ƙarfin gaske, domin zuciyar da ke tura kamar lita 5 a minti a hutu, ta babban ɗan wasa kan tura lita 30 ko fiye a tsakiyar tsere. Ga kuma wata tsoka mai ɗaga cinya da ake kira sowas, wadda jijiyar ke kwance a kanta. A jikin ɗan keke tsokar nan takan yi girma, ta turo jijiyar gaba, ƙananan rassan da ke shiga cikinta kuma su riƙe jijiyar kamar an ɗaure ta a turke. Chevalier, wanda daga baya ya koma Lyon ya yi wa ɗaruruwan 'yan wasa tiyata, ya ba da rahoton cewa marasa lafiyarsa kan yi kimanin kilomita 120,000 a kan keke kafin alamun su bayyana. Kewayen duniya kilomita 40,000 ne, wato sun zaga ta sau uku.

AWO A KAN KEKE

Sanin ciwon bai wadatar ba, sai an samu hanyar kama shi. A nan ne likitocin Angers, musamman Pierre Abraham, suka yi abin da Bouley ya yi da goɗiyarsa. Suka shigo da keke ɗakin awo. Ɗan wasa zai hau, a riƙa ƙara masa nauyin feda har ciwon ya zo ya kasa ci gaba. Yana sauka a ɗaura masa na'urar awon jini a idon sawu biyu da damtse, a auna cikin minti na farko, domin in aka yi jinkiri jinin zai daidaita, shaida ta ɓace. A 2001 Abraham da abokan aikinsa suka nuna cewa idan lissafin ya sauka ƙasa da 0.66 a minti ɗaya bayan motsa jiki mai tsanani, to akwai babbar alamar ciwon. Mutumin da ya ba da 1.1 yana kwance sai ga shi ya ba da 0.5 a ƙafar hagu, ta dama kuwa tana nan kusa da daidai. Hausawa suka ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da ɗan wasan ya yi shekaru yana faɗa ba a yarda ba, yanzu ga shi a takarda.

Daga Holan aka ƙara wani mataki. A asibitin Veldhoven, kusa da Eindhoven, likitan 'yan wasa Goof Schep da likitan fiɗa Mart Bender suka lura da wasu 'yan wasa masu duk alamun ciwon, amma hoto bai nuna kauri a cikin jijiyarsu ba. Sai suka riƙa yi musu sikanin da hoton MRI cinya a naɗe zuwa ciki, kamar yadda suke zama a kan keke. A nan suka ga jijiyar ta karye kwana, irin yadda tiyon ban-ruwa ke lanƙwashewa ruwa ya tsaya alhali babu abin da ya toshe cikinsa. A wasu ɗaurin rassan ne ya jawo haka, a wasu kuma jijiyar ce ta yi tsawo fiye da kima. A 2002 suka wallafa bincikensu kan 'yan wasa 80 a mujallar Lancet, suka nuna cewa a wasu ba sai an tsaga jijiyar ba, ya isa a kwance ta daga abin da ya riƙe ta. A Holan ɗin ma an ga ciwon a jikin masu tseren zamiya a kan ƙanƙara, waɗanda su ma a duƙe suke gudu, an kuma same shi a wasu masu gudun dogon zango da masu gasar nan mai haɗa iyo da keke da gudu.

WUƘA DA HAƊARINTA

Magani na farko da ake ba kowa shi ne ya rage atisaye, ya ɗaga kan keken don kada ya duƙa sosai, ko ya bar tsere baki ɗaya. Wanda ya bari yawanci ciwon ba ya damunsa a harkokin yau da kullum, ko da yake kaurin ba ya narkewa. Ƙwayoyin magani ba su cika yin wani tasiri ba. Ga mai hawa keke don nishaɗi wannan shawara ta isa. Ga wanda keke ne abincinsa da na iyalinsa, daidai take da a ce ya ajiye aiki yana ɗan shekara 27.

Shi ya sa da yawa ke zaɓar tiyata. In ɗauri ne a kwance jijiyar. In tsawo ne a yanke wani sashe a sake haɗawa. In kauri ne a tsaga ta a tsaye, a kankare naman da ya toho, sannan a yi mata faci da wani yanki na jijiyar ƙafar mara lafiyar don ta ƙara faɗi. In lalacewar ta yi yawa a cire sashen gaba ɗaya a dasa wani. Mai karatu zai lura cewa dabarun dos Santos da Kunlin ne aka ɗauko daga kan dattawa aka ɗora a kan samari. Akwai kuma hanyar zura ɗan balan-balan ta cikin jijiya a hura shi ya buɗe ta, wadda ke aiki sosai a kan tsofaffi. A nan ba ta cika ɗorewa ba, domin kaurin kamar roba yake, ana janye balan-balan yakan koma yadda yake. Ɗan bututun ƙarfe mai raga da ake sakawa don ya riƙe jijiya a buɗe shi ma ana gudunsa, saboda wuri ne da ke lanƙwashewa dubban sau a rana, ƙarfen na iya karyewa ko ya goce.

Tiyatar ba wasa ba ce, kuma duniyar tseren keke ta ga haka a 2007. Ryan Cox ɗan Afirka ta Kudu, wanda ya lashe gasar Tour de Langkawi ta ƙasar Malesiya a 2005, ya daɗe yana fama da ƙafarsa ta hagu. A watan Yuli na 2007 aka yi masa aiki a Faransa, ya koma gida. Bayan kamar mako uku jijiyar ta fashe, jini ya zuba a cikinsa, ya rasu ranar 1 ga Agusta yana da shekara 28. Ciwon da aka je gyarawa ba ya barazana ga ransa. Wannan ita ce tambayar da har yau ke tsaye a gaban likita da ɗan wasa: shin ya dace a taɓa babbar jijiyar mutum mai lafiya don kawai ya ci gaba da sana'arsa? Ban da zubar jini, akwai haɗarin ƙwayoyin cuta su shiga wurin, ko jini ya daskare, ko facin ya kumbura bayan shekaru, ko tsukewar ta dawo.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai waɗanda tiyatar ta mayar wa da sana'arsu. Stuart O'Grady na Ostireliya an yi masa aiki a 2002, ya ci lambar zinare a gasar Olamfik ta 2004, ya kuma lashe tseren Paris-Roubaix a 2007. Pauline Ferrand-Prévot ta Faransa, wadda a 2015 ta riƙe kambun duniya uku a lokaci guda, ta sha fama da ƙafar hagu na tsawon lokaci kafin a gano ciwon a ƙarshen 2018. Aka yi mata aiki a farkon 2019, a shekarar ta sake zama zakaran duniya a tseren keken tsauni. A watan Janairu na 2020 sai da aka sake yi mata wani aikin. Bayan haka ta ci zinare a Olamfik ta Paris a 2024, ta kuma lashe Tour de France ta mata a 2025. Marianne Vos ta Holan an yi mata aiki a 2023, ta dawo ta ci lambar azurfa a Olamfik ta 2024. Fabio Aru na Italiya, wanda ya lashe gasar Vuelta ta Sifaniya a 2015, an buɗe masa jijiyar ta ciki a 2019, ya koma tsere, amma bai sake kai matsayinsa na da ba har ya yi ritaya a 2021 yana da shekara 31.

Saboda bambancin ra'ayi tsakanin asibitoci, a 2016 wata ƙungiyar ƙwararru daga ƙasashe daban-daban mai suna INSITE ta wallafa abubuwan da suka amince a kai. Sun tsaya a kan cewa gwaji a kan keke tare da awon ƙarfin jini shi ne ƙofar ganewa, cewa balan-balan da bututun ƙarfe ba su dace da wannan ciwo ba, kuma tiyata ta wanda abin ya takura wa rayuwarsa ce bayan an bayyana masa haɗarin dalla-dalla. Sun kuma nemi a riƙa tara bayanan waɗanda aka yi wa aikin, domin waɗanda aka fara yi wa faci a shekarun 1980 yanzu ne suke shiga tsufa, kuma a jikinsu ne za a ga yadda facin ke ƙarewa.

Wani zai tambaya, to mai hawa keke zuwa gona ko kasuwa fa? Wannan ciwo ba nasa ba ne, domin ba ya duƙawa irin tasu kuma ba ya yin tazara da ƙarfi irin nasu. Abin da ya fi kusa da mu shi ne tsohon ɗingishin nan na Bouley da Charcot. Idan a gidanku akwai dattijo, musamman mai shan taba ko mai ciwon suga, da ke cewa sha-raɓarsa na ɗaurewa in ya yi 'yar tafiya, ta sake shi in ya tsaya, kada a ce tsufa ne kawai. A kai shi asibiti, kuma a faɗa wa likita daidai lokacin da ciwon ke zuwa da lokacin da yake tafiya, domin a ɗakin likita zai zauna ne a kujera, kuma a zaune ciwon ba zai taso ba.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa.